Ƙarya Fure Take Yi: Tarihin Shukar da Ta Haɗa Dangi da Dafin Kibiya da Maganin Zuciya

Mai karatu, da wuya a ce ba ka taɓa jin karin maganar nan ba da ake cewa ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Yawancinmu mun ɗauke ta gargaɗi ne ga maƙaryaci kawai, wato zancensa zai yi daɗin ji na ɗan lokaci amma ba zai haifar da komai ba. Abin da ya shige wa 'yan zamani duhu shi ne akwai wata shuka da Hausawa ke kira ƙarya, wasu su ce ƙariya, kuma da sunanta magabata suka yi wannan wasan kalma.

Ka san ta ko da ba ka san sunanta ba. Ita ce gajeriyar shukar nan mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda in ka hango ta sai ka ce 'yar kuka ce aka hana ta girma. Rassanta kaurara ne masu taushi, ganyenta yana taruwa a ƙarshen reshe, furenta kuwa ruwan hoda ne ko ja, mai kunnuwa biyar, maƙogwaronsa fari-fari. A da, a tsofaffin gidaje da bayan gari ake ganin ta. Yanzu masu sayar da furanni a bakin titi sun saka ta a tukwane suna kiran ta furen hamada, ta shiga farfajiyar gidaje da makarantu da otal-otal, har da asibitoci.

Ni aikina harhaɗa magunguna ne a asibiti. Abin da ya sa na ɗauko zancen ƙarya shi ne, a kan kantar da nake tsayawa gabanta kullum akwai wata 'yar ƙwaya ta masu ciwon zuciya mai suna digoksin, kuma abin da take yi wa zuciyar mutum irin abin da ruwan jikin ƙarya yake yi ne. Bambancinsu awo. Zan ba ka tarihin yadda aka gano haka, sa'an nan in faɗa maka yadda za ka reni shukar a gidanka ba tare da ta cuci kowa ba.

Asalinta da danginta

Ƙarya 'yar ƙasar fari ce. Tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Muritaniya da Senegal, ta ratso ƙasashenmu zuwa Sudan da Habasha da Somaliya, ta gangara Kenya da Tanzaniya, ta kuma tsallaka Bahar Maliya zuwa kudancin yankin Larabawa, musamman Yaman. Wannan tumbin da ke gindinta rumbun ruwa ne. Da damina take cika shi, da rani ta zubar da ganye don rage asarar ruwa, ta zauna tana cin ajiyarta. A cikin wannan hali, ba ganye ba ruwan sama, takan ɓarke da fure, shi ya sa take ɗaukar ido a lokacin da daji ya yi furu-furu.

Batun rashin 'ya'ya kuwa, magabata sun faɗi abin da idonsu ya gani. Ƙarya tana haihuwa, amma jefi-jefi. Garin furenta yana ɓoye ne can cikin maƙogwaron furen, sai ƙwaro mai dogon baki ke iya kaiwa gare shi, kuma galibi ba ta ɗaukar ciki sai garin ya zo daga wata shukar daban. Waɗanda ke cikin gari kuwa yawanci rassan uwa ɗaya ne aka yanka aka dasa. In ta yi 'ya'ya, kwanso biyu take fitarwa a haɗe kamar ƙahon akuya, su bushe su tsage, iri ya fito da gashi a bakinsa biyu, iska ta ɗauke shi.

Masana tsirrai sun saka ta a gida ɗaya da tumfafiya da kwankwani, da kuma shukar nan mai rawayan fure kamar ƙararrawa da ake yin shinge da ita a unguwanni. Yawancin 'yan wannan gida suna da ruwa mai ɗaci da danƙo da ke tsatsowa in an ji musu rauni. Wannan ruwan shi ne makaminsu. Shukar da ta tara ruwa a jikinta a ƙasar da kowace dabba ke jin ƙishirwa, in ba ta da abin kare kanta, ba za ta ga damina mai zuwa ba.

Abin da maharba suka riga kowa sani

Tun kafin a rubuta sunan ƙarya a wani littafi, mutanen Afirka sun san ƙarfinta. Maharba a sassa da dama na nahiyar sun yi dafin kibiya da ruwan jikinta. Har yanzu Hadza, mafarautan da ke zaune kusa da tafkin Eyasi a arewacin Tanzaniya, suna shafa dafinta a kan kibansu, kuma da shi suke kayar da manyan namun daji. A ƙasar Hausa kwankwani ne ya fi suna a wannan aiki, da 'ya'yansa aka fi haɗa dafin da ke cikin kwarin maharba da mayaƙan da. A Nijeriya da Kamaru da gabashin Afirka an yi amfani da ɓawon ƙarya da ganyenta wajen sa wa kifi guba a ruwa.

Masu maganin gargajiya su ma sun taɓa ta. An yi wanka da ruwan saiwarta ko na ɓawonta don ƙwarƙwata da cututtukan fata, an ɗiga ruwanta a kogon haƙori da kan gyambo, a wasu wuraren kuma an dafa saiwar an sha don ciwon sanyi. In ka lura za ka ga yawancin amfanin a bayan fata ne. Wanda ya ga yadda dabba take faɗuwa bayan kibiya ta same ta, ba ya gaggawar zuba abin a ƙoƙo ya miƙa wa ɗansa.

Maharbi ya san abu biyu da likitocin Turai ba su tabbatar ba sai daga baya. Na farko, dafin ya fi sauri in ya shiga jini. Na biyu, dabbar da ya kama takan yi ɗan gudu, ta yi tangaɗi, ta faɗi, alhali raunin kibiyar bai kai ya kashe ta ba. Zuciyarta ce take tsayawa.

Mutum shida sun tafi, ɗaya ya dawo

Sunan da masana ke kiran ƙarya da shi yau ya samo asali ne daga wata tafiya mai ban tausayi. A watan Janairun 1761 Sarki Frederik na Biyar na ƙasar Denmak ya tura ayarin mutum shida daga birnin Kopenhagen zuwa ƙasar Larabawa don neman ilimi. Akwai masanin harsuna, da likita, da mai zane, da mai auna ƙasa mai suna Carsten Niebuhr, da hadiminsu, da kuma masanin tsirrai Peter Forsskal, almajirin shahararren malamin nan Linnaeus na ƙasar Suwidin. Sun bi ta Istanbul da Masar, suka hau jirgi a Bahar Maliya, suka sauka a Yaman a ƙarshen 1762.

Forsskal ya shiga tsaunuka da kwaruruwan Yaman yana tattara tsirrai, yana tambayar mutanen ƙasar sunayensu yana rubutawa. A cikin abin da ya rubuta har da wannan shuka mai ƙaton gindi. Bai daɗe ba zazzaɓi ya shiga ayarin, wanda masana tarihi ke ganin na cizon sauro ne. Masanin harsuna ya rasu a garin Mokha. Forsskal ya bi shi a garin Yarim a watan Yulin 1763, yana da shekara 31. Mai zane da hadimi suka rasu a teku kan hanyar Indiya, likitan ya cika a Bombai, wato Mumbai ta yau. Niebuhr kaɗai ya koma gida a 1767.

Shi ne ya riƙe amanar takardun abokinsa, ya buga su a 1775 a littafin tsirran Masar da ƙasar Larabawa. A nan aka fara bayanin ƙarya a rubuce bisa tsarin masana, aka laƙaba mata kalmar Latin mai nufin mai ƙiba. A 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka ware mata suna na kanta, Adenium obesum, wanda ake dangantawa da birnin Adan na Yaman. Har lokacin, a wurin Turawa, shuka ce kawai mai ban sha'awa a cikin kundi.

Likitan da ya shekara goma yana neman awo

A cikin wannan shekara ta 1775, a can Ingila, wani abu ya faru da ba wanda ya ga alaƙarsa da ƙarya. An kawo wa wani likita mai suna William Withering wani haɗin gargajiya da wata tsohuwa a yankin Shropshire take warkar da masu kumburin jiki da shi, har waɗanda likitoci suka gaza a kansu. Haɗin yana da ganyaye ashirin ko fiye. Withering masanin tsirrai ne, da ya duba sai ya gane cewa guda ɗaya ne mai aikin, wata shuka ta ƙasarsu mai suna dijitalis. Ita ba dangin ƙarya ba ce, amma daga baya aka gano sinadarinsu gida ɗaya ne.

Abin koyi a labarin Withering shi ne abin da ya yi bayan ya gano ganyen. Bai ruga kasuwa da shi ba. Shekara goma ya yi yana gwadawa a birnin Birmingham, yana rubuta labarin kowane majiyyaci, wanda ya samu sauƙi da wanda ya galabaita da wanda ya rasu. Ya lura ƙarfin ganyen yana canzawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka ya tsayar da cewa sai shukar ta fara fure za a tsinke shi, a busar, a daka, a auna garin a ma'auni. Ya ga cewa in awo ya wuce kima majiyyaci yakan yi amai da gudawa, ganinsa ya rikice ya riƙa ganin abubuwa rawaya ko kore, bugun jijiyarsa ya yi ƙasa ƙwarai, wani ma ya mutu. A 1785 ya fitar da littafinsa da bayanin majiyyata fiye da 150, ya kuma gargaɗi likitoci su dakatar da maganin da zarar alamun aikinsa sun bayyana.

Alamun da Withering ya lissafa su ne muke koya wa ɗalibai har yau, kuma su ne za su bayyana ga yaron da ya tauna reshen ƙarya.

Buroshin Kirk

Dafin kibiyar Afirka ya shiga ɗakin magani ne ta hanyar tsautsayi. A tafiyar da David Livingstone ya fara a kogin Zambezi a 1858, akwai likita kuma masanin tsirrai mai suna John Kirk. Ya ga mutanen yankin suna farauta da wani dafi da suke kira kombe, wanda ake samu daga wani nau'in kwankwani, ya karɓi kaɗan ya ajiye. Wata rana ya goge baki da buroshin da ya zauna a aljihu ɗaya da dafin. Ya ji ɗaci, ya ɗauka ragowar kwinin ne. A lokacin yana fama da mura, jijiyarsa tana bugawa da sauri, sai ya lura bugun ya sauka. Da yake likita ne, bai bar abin ya wuce haka nan ba.

Samfurin dafin ya isa hannun Thomas Fraser, masanin magunguna a birnin Edinbara, wanda ya yi shekaru yana nazarinsa, ya tabbatar cewa a kan tsokar zuciya yake aiki, ya kuma gabatar da shi a matsayin maganin zuciya a 1885. A 1888 wani masani Bafaranshe mai suna Arnaud ya tace irin wannan sinadari daga dafin kibiyar Somaliyawa, aka sa masa suna wabain, daga kalmarsu ta dafi. Ka ga ilimin maharban Afirka ya zama maganin allura a asibitocin Turai, kodayake ba a rubuta sunan maharbi ko ɗaya a kan kwalba ba.

A 1930 wani mai bincike a kamfanin Burroughs Wellcome na Ingila, Sydney Smith, ya ware digoksin tsantsa daga wani nau'in dijitalis. Daga nan aka fara barin garin ganye, aka koma ƙwayar da aka san nauyin maganin da ke cikinta. A 1957 kuma wani masani ɗan Denmak, ƙasar da ta tura Forsskal, mai suna Jens Christian Skou, ya gano ainihin wurin da waɗannan sinadarai suke kamawa a jiki, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1997.

Ga abin da aka gano. A bangon kowace ƙwayar halitta ta zuciya akwai wani ɗan famfo da ke fitar da gishirin sodiyam guda 3, ya shigo da fotashiyam guda 2, ba dare ba rana. Digoksin da danginsa suna rage wa famfon nan ƙarfi. Sodiyam sai ya taru a ciki, ya jawo taruwar kalsiyam, shi kuma kalsiyam ya sa tsokar ta matsa da ƙarfi. Suna kuma rage saurin bugun. Ga zuciyar da ta raunana, ko mai bugu barkatai da sauri, wannan taimako ne. In aka toshe famfon fiye da kima, tsarin lantarkin zuciya ya rikice, ta yi ta tsallake bugu, ko ta karkarwa, ko ta tsaya.

Da masana suka binciki ƙarya, sun samu irin waɗannan sinadarai kimanin 30 a jikinta, a saiwa da gindi da reshe da ganye. Duk da haka ba ta zama maganin asibiti ba. Kowace shuka da yawan nata, kowane lokaci na shekara da ƙarfinsa.

Abin da ya shafi majiyyaci

Sau da yawa a tagar ba da magani ana yi mini tambaya ɗaya: tunda maganin Bature ma daga ganye aka samo shi, me zai hana a sha ganyen kai tsaye? Tambaya ce mai ma'ana, amsarta kuma tana cikin lissafi. Ƙwayar digoksin da aka fi bayarwa tana ɗauke da maikirogiram 125 ko 250, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ƙwayar farasitamol ɗaya mai miligiram 500 ta ninka maganin da ke cikin ƙaramar ƙwayar digoksin sau 4,000. Tazarar da ke tsakanin awon da ke taimako da wanda ke cutarwa kuma 'yar kaɗan ce, shi ya sa wani lokaci likita yakan tura a auna yawansa a jini. Ba tukunyar da ke iya wannan awo, komai ƙwarewar mai dafawa.

Ko digoksin ɗin da aka auna, likitoci ba su ɗauke shi maganin komai ba. Wani babban bincike da aka fitar a 1997, a kan masu raunin zuciya 6,800 a Amurka da Kanada, ya nuna yana rage yawan kwanciya a asibiti amma bai rage mutuwa ba. Shi ya sa yau ba da shi ake fara yi wa mai raunin zuciya magani ba, kuma ba kowa ake bai wa ba.

In kai ko wani naka yana shan digoksin, ka riƙe waɗannan. Kada a ninka ƙwaya don an manta ta jiya. Kada a haɗa shi da jiƙo ko tsimi ko garin da ba a san abin da ke ciki ba, domin in akwai ƙarya ko tumfafiya ko kwankwani a haɗin, an ƙara awo ke nan ba a sani ba. Maganin sa fitsari da ake yawan ba masu kumburi yana zubar da fotashiyam, ƙarancin fotashiyam kuwa yana ƙara wa digoksin kaifi, don haka gwajin jinin da aka rubuta ba ɓarnar kuɗi ba ne. Ƙoda ce ke fitar da maganin daga jiki, saboda haka tsofaffi da masu ciwon ƙoda, da wanda gudawa ko amai ya ƙarar masa da ruwa, sun fi shiga haɗari. Rashin son abinci da tashin zuciya da rikicewar gani ko ta tunani a wurin mai shan digoksin dalili ne na komawa asibiti a ranar.

Renon ƙarya a gida

Ban ce ka tumɓuke ƙaryar gidanka ba. Shuka ce mai kyau da haƙuri, wadda ta dace da ƙasarmu fiye da furanni masu shan ruwa da ake wahalar da rijiya a kansu. A 'yan shekarun nan manoman fure a Tailan da Taiwan sun yi ta aurar da ita suna fitar da launuka iri-iri, fari da ja wur da mai ratsi da mai fure ninki-ninki, har ta zama abin kasuwanci a duniya. Da yawa daga masu launi na musamman da kake gani a tukwane aure aka yi musu kamar mangwaro, ka duba za ka ga tabon haɗin a saman gindi. Amma canjin launi bai cire mata dafi ba.

Rana take so, aƙalla awa 6 a yini. In ka ajiye ta a inuwa za ta yi dogayen rassa sirara ta ƙi fure. Ƙasarta ta zama mai yashi, wadda ruwa ke wucewa nan da nan: ka haɗa yashi mai tsakuwa da ƙasar jigawa da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka guji laka. Tukunyar ta zama mai huda a ƙasa, ta yumɓu ta fi ta roba domin tana shan iska. Wajen dasawa ka bar saman tumbin a waje.

Ruwa ne ya fi kashe ƙarya a hannun masu son ta. Kada ka ba ta sai ƙasar ta bushe, ka tura yatsa ka ji. Da bazara tana cikin girma, tana iya shan ruwa sau ɗaya ko biyu a mako gwargwadon girman tukunya. Da damina ta yi ƙarfi, ka ɗora tukunyar a kan bulo ko ka matsar da ita inda ruwan indararo ba ya zuba mata. Da hunturu takan zubar da ganye ta yi barci, wannan ba ciwo ba ne, ka rage ruwa sosai. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, don haka mazauna wurare irin Jos su matsar da ita jikin bango a daren sanyi. Ka riƙa latsa gindin: in ya yi tauri lafiya lau, in ya ɗan yamutse ƙishirwa ce, in kuwa ya yi laushi yana baƙi ruɓa ta shiga. Sai a tono ta, a yanke duk inda ya ruɓe, a shanya ta a inuwa na wasu kwanaki, a sake dasawa a busasshiyar ƙasa.

Ana yaɗa ta ta hanya biyu. Sabon iri yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma shi ke ba da ƙaton gindin nan tun tana ƙarama. Reshe kuwa in an yanka sai a bar bakin ya bushe na kwanaki kafin a soka shi a yashi. Ya fi saurin fure amma gindinsa yakan daɗe bai yi tumbi ba. In ka ga fararen ƙwari kamar auduga a matsematsin ganye, ko ƙananan ƙwari a kan toho, ruwan sabulu mara ƙarfi yakan wadatar.

Ga sharuɗɗan da suka fi duk waɗannan muhimmanci. Ka sa safar hannu duk lokacin da za ka yanke ta, ko ka ɗaura leda, musamman in akwai rauni a hannunka. Kada ka sosa ido sai ka wanke hannu da sabulu. Wuƙar da aka yanke ta da ita kada ta koma madafa. Rassan da aka sare kada a zuba wa awaki, kada a jefa a murhun girki, kada a bar su inda yara ke wasan girki, a binne su ko a ɗaure a kai juji. Kada wani ya karyi reshenta ya yi asawaki, ka tuna buroshin Kirk. In akwai mai rarrafe a gida, a ɗaga tukunyar sama, a kuma riƙa share furen da ya faɗo, domin jan abu a ƙasa kiran yaro yake yi.

In tsautsayi ya auku

In ruwanta ya taɓa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15, sa'an nan a je a duba. In yaro ko babba ya tauna ko ya haɗiye wani ɓangarenta, a cire abin da ya rage a baki, a kuskure, a nufi asibiti nan take. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada kuma a zauna jiran alama. Ɗacinta yakan sa yaro ya tofar da wuri, wannan rahama ce, amma ba kai za ka yanke hukuncin nawa ya wuce ba. Amai yakan fara zuwa, matsalar zuciya kuwa tana iya jinkirta sa'o'i, a lokacin da kowa ya saki jiki.

Ku tafi da reshen shukar a leda ko hotonta a waya, ku faɗi lokacin da abin ya faru da duk maganin da mutumin yake sha. A asibiti za a auna bugun zuciya da na'ura, a duba fotashiyam a jini, ana iya ba da gawayin asibiti mai tsotse guba a hanji, wanda ba ɗaya yake da gawayin girki ba, da allurar ɗaga bugun zuciya in ya yi ƙasa. Akwai makarin digoksin da aka fara gwadawa a jikin mutum a 1976, kuma wani bincike a Siri Lanka a 2000 ya nuna yana aiki a kan gubar shukar nan mai rawayan fure, 'yar uwar ƙarya. Sai dai yana da tsada ƙwarai, ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Saboda haka ɗaga tukunya sama da wanke hannu sun fi mana sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga ranar da aka kawo wa Withering haɗin tsohuwar Shropshire zuwa ranar da aka tace digoksin, shekara 155 ke nan, kusan dukkansu a kan tambaya ɗaya: nawa za a ba mutum? An samu amsar ga dijitalis bayan wahala mai yawa da asarar rayuka. Ga ƙarya ba a same ta ba. Ka shuka ta a inda rana ke dukan ta, ka rage mata ruwa, ka nuna wa yaranka ita ka faɗa musu sunanta da karin maganarta, ka kuma faɗa musu cewa ta kallo ce. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.